Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Hukumar Tarihi Da Al'adu Ta Jihar Kano Kan Tarihin Kwarori Da Indiyawa Da 'Yan China

Zuwa ga Shugaban Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da abokan aikinsa,
Gidan Ɗan Hausa, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ranku ya daɗe, bayan gaisuwa ta girmamawa da fatan Allah ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto ne domin in roƙi wannan hukuma ta ɗauki nauyin tattarawa da adana tarihin al'ummomin da suka taso daga nahiyar Asiya suka zauna a Kano, wato Kwarori 'yan Labanan da Siriya, da Yamalawa 'yan Yemen, da Indiyawa, da 'yan China. Na zaɓi in yi roƙon a bainar jama'a saboda aikin ya fi ƙarfin ofis ɗaya, kuma ina fata duk mai abin faɗa, ko daga cikin waɗannan al'ummomi yake ko daga cikin Kanawan da suka yi hulɗa da su, zai ji ya matso kusa. Ni malamin makaranta ne mai ritaya, haifaffen Fagge, kuma mahaifina ya daɗe yana yaron kanti a wurin wani Kwara kafin ya samu jarin tsayawa da ƙafarsa, don haka maganar ta shafe ni ta kusa.

Kano ba ta saba mantawa da baƙinta ba. Tarihin sarakunanta ya riƙe zuwan Wangarawa a zamanin Sarki Yaji, ya riƙe zuwan Shehu Magili a zamanin Muhammadu Rumfa, kuma sunayen unguwanni irin su Tudun Nufawa da Zangon Barebari da Agadasawa da Ayagi da Dandalin Turawa suna faɗa wa duk mai wucewa daga ina masu wurin suka fito. Wannan ne ma ya sa ake yi mata kirari da tumbin giwa. Abin da ke damuna shi ne, da aka zo kan baƙin da suka biyo jirgin ƙasa bayan ya iso Kano a 1911, sai hannunmu ya yi sanyi, muka bar su a matsayin da karin magana ya ajiye baƙo, wato raɓa, alhali wasu iyalan sun kai zuriya ta huɗu a garin nan, Hausar bakinsu ta Kano ce tsantsa, kakanninsu kuma a ƙasar nan aka binne su.

Zan fi daɗewa a kan Kwarori, domin su ne suka fi daɗewa da mu, kuma labarinsu ne ya fi kusa da ɓacewa. A ƙarshen ƙarni na 19 yankin Dutsen Labanan yana ƙarƙashin Daular Usmaniyya, kuma tattalin arzikin ƙauyukansa ya dogara ne a kan kiwon tsutsar siliki da sayar da zarensa ga masaƙun Faransa. Da kasuwar silikin ta karye, ƙasar noma kuma ta yi wa jama'a kaɗan, sai samari suka yi ta ficewa, galibinsu da niyyar zuwa Amurka ko Brazil ko Ajantina. Hanyar takan bi ta tashar jiragen ruwa ta Marseille a Faransa, kuma a nan ne wasu suka karkata zuwa gaɓar Afirka ta Yamma, saboda kuɗin jirgi ya fi sauƙi kuma ba a tsananta binciken lafiya da takardu kamar yadda ake yi a Amurka ba. Iyalai da yawa suna ba da labarin cewa kakansu ya sauka a Dakar ko Konakiri ko Legas yana zaton ya isa Amurka, kuma ko da labarin ya sha gishiri a bakin jikoki, ya cancanci a rubuta shi yadda suke faɗinsa. Ana ambaton Elias Khoury Younis, mutumin ƙauyen Miziara da ke arewacin Labanan, cikin waɗanda suka fara sauka a Legas, kuma har yau wannan ƙauye da garin Jwaya na kudancin ƙasar suna cikin wuraren da suka fi yawan 'yan'uwa a Najeriya. Sai kuma yunwar da ta auka wa Dutsen Labanan tsakanin 1915 da 1918, lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, inda toshe hanyoyin abinci da farmakin fari suka haɗu, har ana ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na mutanen yankin sun mutu. Waɗanda suka zo Kano a shekarun 1920 da yawansu tsira suka yi daga wannan masifa, ɗan'uwa yana aika wa ɗan'uwa kuɗin jirgi, kawu yana ɗauko ɗan 'yar'uwarsa ya zaunar da shi a bayan kanta har ya koyi Hausa da lissafi. Yaƙin basasar Labanan na 1975 zuwa 1990 ya sake turo wani rukunin.

Da suka iso, gwamnatin mulkin mallaka ba ta bar su sun zauna cikin birni ba, kuma ba ta haɗa su da Turawa a Nasarawa ba, sai ta yanka musu filaye a Fagge ta Kudu, inda suka gina gidaje masu kanti a gaba da wurin kwana a baya ko a sama. Wannan wuri ne ya zama Kantin Kwari, kuma Titin Beirut da Titin Labanan suna nan a matsayin shaida. Zuwansu ya yi daidai da bunƙasar cinikin gyaɗa da ta fara a 1912, sai suka shiga tsakanin manyan kamfanonin Turawa da manoma, suna karɓar kaya da kuɗi bashi daga sama, suna raba wa dillalai Hausawa, dillalan kuma suna shiga ƙauyuka da kaka su auno gyaɗa. Daga gyaɗa suka shiga atamfa da yadi, da sufurin manyan motoci, daga baya kuma masana'antu. George Calil ya kafa masana'antar matsar man gyaɗa a Kano tun kafin samun 'yancin kai, katifar Mouka da ake kwana a kanta a gidaje da yawa kuwa ta samo asali ne daga masana'antar da iyalan Moukarim suka buɗe a garin nan a 1959.

Ranku ya daɗe, ba littafin yabo nake roƙo a rubuta ba. Dattawan Fagge da suka yi wannan zamani suna da ƙorafi mai nauyi, kuma na ji shi da kunnena tun ina yaro. Suna cewa bankin Turawa yakan buɗe wa Kwara ƙofar bashin da yake rufe wa ɗan ƙasa, suna maganar sikelin da ba ya cika, da bashin kaka da yake bin manomi har shekara ta zagayo, da yadda wanda ya zo jiya da akwati ɗaya yake wayar gari yana ba da umarni ga wanda kakanninsa suka yi fatauci zuwa Gwanja. 'Yan kasuwar gida sun yi ta kai kuka ga hukuma a kan shigar baƙi cikin ƙananan ciniki da sufuri, kuma tsayuwar mutane irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya yi gogayya da kowa a cinikin gyaɗa har rasuwarsa a 1955, ba za a gane girmanta ba sai an san da waɗanda ya kara. Wannan ƙorafi yana cikin abin da ya share fagen dokar mayar da harkokin kasuwanci hannun 'yan ƙasa ta 1972 a zamanin Janar Gowon, da wadda ta ƙara faɗaɗa ta a 1977. Bayan dokar ne kantuna da yawa a Kwari suka koma hannun Hausawa, wasu Kwarorin suka karɓi takardar zama 'yan Najeriya, wasu suka koma Bompai da Sharaɗa da Challawa suka kafa masana'antu, wasu kuma suka sa sunan ɗan ƙasa a takarda suka ci gaba da juya dukiyar daga bayan fage. Su ma a nasu ɓangaren suna da abin faɗa, musamman waɗanda aka haifa a nan, wasu ma uwayensu Hausawa ne, amma har gobe ana tambayarsu yaushe za su koma gida. Tarihin da ya ɗauki murya ɗaya ya bar ɗaya ba zai amfani kowa ba.

Bari in kawo misalin irin abin da ke salwanta. Na taɓa riƙe wani tsohon littafin bashi na kantin da mahaifina ya yi aiki, wanda jikan mai kantin ya fito da shi daga cikin wata akwatin ƙarfe. Bangonsa baƙin yadi ne da gara ta ci gefensa, an raba kowane shafi gida biyu da jan layi, rubutun kuma na Larabci ne da alƙalamin tawada, amma sunayen da ke ciki na mutanenmu ne, an rubuta su yadda kunnen mai kantin ya ji su: wane na Bichi, wane mai tebur, wane ɗan Gezawa, kowanne da adadin turamen atamfar da ya ɗauka da ranar da ya biya. A gefen wasu sunayen an ja layi an rubuta cewa an yafe, a gefen wasu kuma bashin yana ta hawa shekara bayan shekara. A shafi ɗaya mutum zai ga amanar da ta haɗa mutanen nan da kuma nauyin da ta ɗora wa mai rauni. Irin wannan littafi ya fi kowane jawabi bayyana yadda kuɗi ya yi yawo a Kano a wancan zamani, kuma akwai irinsa da yawa a cikin sito-sito da ɗakunan ajiya, suna jiran gobara ko ruwan sama ko ranar da za a rushe gidan a gina rukunin shaguna. Duk wanda ya san Fagge ta Kudu shekaru talatin da suka wuce ya san yawan tsofaffin gine-ginen da suka tafi ba tare da an ɗauki ko hotonsu ba.

Akwai kuma wata gada da ta haɗa Kwarori da Indiya da mu, wadda ta shafi al'ada kai tsaye, wato aikin wannan hukuma. Kwarori ne suka gina gidajen silima na farko a Kano, ciki har da Rex da aka buɗe a 1937, kuma su ne suka riƙa shigo da finafinan Indiya tun daga shekarun 1950, suka ga jama'a sun karɓe su fiye da na Turawa. Duk mai nazarin finafinan Hausa na yau, da waƙoƙinsu da salon labarinsu, da ma muhawarar da malamai da iyaye suke yi a kansu, dole ya koma ga wannan mafari.

Indiyawa sun zo ta hanyoyi daban-daban. Na farko 'yan kasuwa ne daga yankin Sindh, irin su gidan Chellaram da ya fara ciniki a Legas a 1923 ya kuma bazu zuwa manyan garuruwa, kuma raba Indiya da Pakistan a 1947 ya raba Hindu 'yan Sindh da yawa da garuruwansu na asali, abin da ya sa kantunan ƙetare suka zame musu gida. Bayan 'yancin kai sai ma'aikata suka biyo: hafsoshin Indiya ne suka taimaka wajen kafa Makarantar Horar da Hafsoshin Soja ta Kaduna a 1964, kamfanin RITES na gwamnatin Indiya kuma ya riƙe ragamar hukumar jiragen ƙasa ta Najeriya daga 1979 zuwa 1982. Amma waɗanda suka fi taɓa rayuwar talaka su ne malaman makaranta da likitoci. A shekarun 1970 da farkon 1980 da wuya ka shiga makarantar sakandaren gwamnati a Arewa ba ka tarar da Ba'indiye ko ɗan Pakistan ko ɗan Sri Lanka ko ɗan Filifin yana koyar da lissafi ko kimiyya ba. Na yi aiki tare da wasu a makarantar kwana da ke wajen gari, inda babu wutar lantarki mai ɗorewa, kuma ina tuna wata malama da ke zuwa ɗakin gwaje-gwaje da sarinta tun kafin a buga ƙararrawa, ta jera kwalabe ta wanke su da hannunta, domin kada yaran ƙauye su gama makaranta ba su taɓa ganin gwaji da idonsu ba. Da darajar naira ta faɗi bayan 1986, albashin ya daina isar su aika wa iyalansu, sai suka watse, kuma yau likitoci da injiniyoyi da yawa a jihar nan za su iya faɗin sunan wanda ya koya musu, amma babu wata takarda a hannun jama'a da ta tara sunayen nan wuri ɗaya.

'Yan China kuwa kashi biyu ne, kuma haɗa su wuri ɗaya kuskure ne da ake yawan yi. Akwai masu masana'antu da suka zo daga Hong Kong a shekarun 1960, waɗanda da yawansu asalinsu daga yankin Shanghai ne suka bar shi bayan juyin juya halin 1949. Cikinsu akwai Cha Chi-ming da ya kafa masaƙar UNTL a Kaduna a 1964, da iyalan Lee da suka yi suna a Kano wajen yin silifa da kayan roba, da masu masana'antun kwanuka waɗanda langa da fantekarsu suka cika jeren ɗakunan amare. Sannan akwai 'yan kasuwar da suka shigo daga shekarun 2000 da atamfa da shadda masu araha, a daidai lokacin da masaƙunmu suke rufewa, har rikicinsu da 'yan Kwari ya kai ga hukumar shige da fice ta kama wasu a kasuwar a 2012, marina kuma suka yi ta kukan an kashe musu sana'a. A 2019 Masarautar Kano ta naɗa Mike Zhang sarautar Wakilin 'Yan China, wanda ke nuna cewa fada ta riga ta amince da zamansu a matsayin al'umma. Ma'aikatan da suka yi shekaru a waɗannan masana'antu, da abin da suka samu da abin da suka sha na ƙarancin albashi da aikin wucin gadi, su ma suna da haƙƙin a ji daga bakinsu.

Na san za a ce ba mu gama rubuta tarihin kanmu ba, don me za a kashe kuɗin jama'a a kan baƙi, waɗanda da yawansu ma masu hali ne. Amsata ita ce tarihin namu ne ke kwance a cikin akwatunansu. Sunayen dillalanmu da direbobinmu da telolinmu da leburorin da suka ɗora buhunan dalar gyaɗa suna cikin littattafansu da hotunansu, kuma ba za a iya bayyana yadda Kantin Kwari ta zama kasuwar tufafi da ake zuwa daga Nijar da Chadi da Kamaru ba tare da an bi ta kansu ba. Game da kuɗi kuwa, babu laifi a nemi gudummawar waɗannan al'ummomi, amma da sharaɗin alƙalami ya zauna a hannun hukuma da masana, domin idan mai ba da kuɗi ne zai zaɓi abin da za a rubuta, to za a ƙare da kundin hotunan attajirai, a bar ƙaramin mai kanti da ya mutu da bashi, a bar matan da suka yi zaman aure a tsakanin al'ummomin biyu, a bar ma'aikaci.

Abin da nake roƙo a fara da shi, tun kafin a yi maganar gini ko baje koli, shi ne ɗaukar muryoyin dattawa. Waɗanda suka ga zamanin gyaɗa da idonsu sun haura shekara tamanin, kuma kowace shekara ana rasa wasu. A tura matasa masu horo da na'urar ɗaukar magana su zauna da tsofaffin Kwarori da Yamalawa da Indiyawa, su kuma zauna da tsofaffin yaran kanti da dillalai da masu gadi da kuku da ma'aikatan masaƙa, a yi hirar da harshen da mutum ya fi sakewa da shi, a rubuta ta, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya. Matan gidajen nan a tura musu mata, domin akwai labarin aure da reno da girki da zumunci da namiji ba zai samu ba. Bayan haka sai a roƙi iyalai su ba da aron takardunsu, wato littattafan ciniki da wasiƙu da fasfo da hotuna, a ɗauki hotonsu da na'ura a mayar musu da abinsu, tare da yarjejeniya a rubuce kan abin da za a buɗe wa jama'a da abin da za a jinkirta, saboda mutane ba za su fito da sirrin gidansu ba sai sun amince da inda zai faɗa.

Ba daga tushe za a fara ba. Sabo Albasu na Jami'ar Bayero ya buga bincikensa a kan Kwarorin Kano a 1995, kuma Sashen Tarihi na jami'ar yana da ɗalibai da ke neman batun bincike kowace shekara. Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna tana riƙe da fayilolin Lardin Kano, inda za a samu takardun filaye da lasisi da ƙorafe-ƙorafe, sai dai mai nema ya tuna cewa Turawa sun riƙa rubuta su a matsayin 'yan Siriya, tunda ƙasar Labanan ba ta samu iyakokinta na yanzu ba sai a 1920, 'yancinta kuma sai a 1943. Gidan Arewa da ke Kaduna da Gidan Makama za su iya shiga cikin aikin, haka ma ƙaramin ofishin jakadancin Labanan da ke Kano, kuma a can Labanan akwai cibiyar nazarin ƙaura a Jami'ar Notre Dame ta Louaize wadda ke tattara irin waɗannan takardu daga ƙasashe daban-daban, ta yadda wasiƙar da aka aika daga Fagge zuwa Miziara za a iya haɗa ta da amsarta.

Game da gine-gine, ina roƙon a zagaya Fagge ta Kudu da Titin Beirut da kewayen tashar jirgin ƙasa a ƙirga abin da ya rage na tsofaffin kantuna da sito da gidajen silima, a ɗauki hotonsu da awonsu, sannan a zaɓi ko guda biyu ne a nemi gwamnati ta sa su cikin wuraren da doka ta hana rushewa, tare da biyan masu su haƙƙinsu. Ƙasar Mauritius ta adana ragowar matattarar da aka riƙa sauke 'yan ƙwadagon Indiya a Port Louis, wato Aapravasi Ghat, duk da cewa 'yan bangaye da matakala ne suka rage, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2006. Mu ma muna da misali a gida, domin ginin da wannan hukuma take zaune a ciki an san shi ne da sunan Hanns Vischer, haifaffen Switzerland, wanda ya buɗe makarantar boko a Nasarawa a 1909, kuma babu wanda ya ce adana gidansa ya rage wa Kano daraja.

A ƙarshen aikin ina fata a keɓe ɗaki ɗaya a Gidan Ɗan Hausa ko Gidan Makama, a ajiye sikelin gyaɗa da littafin bashi da langa da allon tallan silima da rajistar malaman makaranta, da bayani a Hausar boko da ta ajami kafin kowane harshe, kuma a fitar da ƙaramin littafi da malaman tarihi za su iya shiga aji da shi. Idan hukuma ta kafa kwamitin da zai duba wannan roƙo, a shirye nake in kai masu binciken gidajen dattawan Fagge da na sani, in kuma nemi izinin iyalan da ke riƙe da littafin da na ambata domin ya zama cikin abubuwan farko da za a ɗauka.

Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya kuma ba ku ikon sauke nauyin da ke kanku.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta mai ritaya,
Fagge, Kano.